Karyayyen Noti da Tsatsa a Jikin Tsohuwar Mota

A wajenmu Inkil, bakin hanyar da ta tashi daga Bauchi zuwa Gombe, har yanzu a kan ga tsohuwar Peugeot 504 ta wuce da kaya niƙi-niƙi. An fara ƙera ta a Faransa cikin 1968, aka kuma buɗe ma'aikatar harhaɗa Peugeot a Kaduna cikin 1975. Mai son ya tayar da irin wannan mota, ko yayarta 404 ta 1960, yaƙinsa na fari da noti ne, tun bai kai ga inji ba. Na zauna da makanikai lokacin hutu, ga abin da na koyo, na gama shi da abin da mu ke karantawa a darasin kimiyya.

Ƙarfe ba ya tsatsa sai ruwa da iska sun haɗu a kansa. Tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta ci girma, watau kumbura ta ke yi. In ta shiga tsakanin namijin noti da ramin da a ka ɗaura shi, sai ta cika wurin ta riƙe shi kam. Yaron gareji ya zo ya zura bututu a sifana don ya ƙara ƙarfi, ya ja, sai ka ji ƙas! Kai ya fita, gindi ya zauna ciki.

Saboda haka kada a fara da ƙarfi. A goge wurin da burushin waya, a ɗiga kananzir ko man kwance noti, a ɗan bubbuga kan da guduma, a bar shi ya kwana. Da safe a ɗan ƙara ɗaure shi kaɗan tukuna, sa'an nan a sassauta, a yi ta kai da komowa. Mai gaggawa ba ya son jin wannan, amma kwana guda ya fi sauƙi bisa neman wani kan inji a kasuwa.

To, in ya riga ya karye fa? Idan guntun ya leƙo waje, dabarar da na fi yarda da ita ta mai walda ce. Ya kan ɗora macen noti bisa guntun, ya cika tsakiyarta da walda har su zama abu guda. Amfaninta biyu: an sami sabon kai da sifana za ta kama, zafin kuma ya farfasa tsatsar. A bari ya huce, sa'an nan a juya a hankali. Wannan ya fi kyau a kan injin 504, wajen da salansa ke kamawa, domin kan na alminiyum ne, irin wanda a ke zuba tukwane da shi, waldar ƙarfe ba ta kama shi. Amma a lura, alminiyum ya kan narke wajen digiri 660, ba ya kuwa yin ja ya gargaɗe ka kamar ƙarfe. Lalle a cire batir, a nisanci tiyon fetur kafin a kunna wuta.

In guntun ya nutse ciki, sai hudawa. A buga alama daidai tsakiya, a fara da siririn bakin huji, a riƙa ƙara girma. Wanda ya kauce ya ci zanen ramin, aiki ya zama biyu. Akwai wani tsinke mai murɗin hagu da a ke sakawa a jawo guntun. Ni ba na sonsa, gama in ya karye a ciki ya fi notin tauri, bakin huji ba ya cinsa.

Sabon noti ya zama awonsa ɗaya da tsohon. Na Peugeot da milimita a ke auna su, yawancin na tsohuwar Land Rover kuwa da inci. Lambar da ke bisa kai, kamar 8.8 ko 10.9, ita ke faɗin ƙarfinsa, kada a sa wanda bai kai na da ba. A wuri mai zafi kamar salansa, a shafa giris mai jan ƙarfe kafin a ɗaura.

Mu nan mun yi sa'a. Ba mu da iskar teku mai gishiri irin ta Ikko, rani kuma ya kan busar da kome. Abokin gabanmu taɓon damina ne, wanda ke maƙalewa a ƙarƙashin mota da bayan ƙafafu, ya riƙe laima kwana da kwanaki. A wanke shi, a kankare tsatsa har farin ƙarfe ya fito, a shafa jan fenti, a bi da baƙi. Fenti bisa tsatsa rufe tukunya ne da wuta a ƙasa. Inda alminiyum ya taɓa ƙarfe kuma, kamar a jikin Land Rover, alminiyum ɗin ne ke cinyewa ya zama farin gari, sai a raba su da fenti ko roba.

'Yan'uwana malaman gobe, wannan darasi ba ya bukatar mota. Ku sami kwalabe 3 da ƙusoshi 3. Ta fari ku sa ruwa rabin ƙusa. Ta biyu tafasasshen ruwa ya rufe ƙusar, ku zuba man gyaɗa a sama don ya tare iska. Ta uku busasshiya, ku toshe bakinta sosai. Bayan mako guda ku bar yara su duba, su faɗi da bakinsu wadda ta yi ja.