Haɗa Wayoyin Na'urar Ɗab'in Kayan Roba: Darasi Ga Masu Sana'ar Lantarki Na Sabo

Tun da aka kafa unguwar Sabo a Ibadan cikin shekarar 1916, an san mutanenta da fataucin goro da shanu. Jikokinsu kuwa da dama sun kama gyaran rediyo da wayar hannu da janareto. Domin irin waɗannan masu sana'a aka tsara wannan darasi.

Mece ce wannan na'ura?

Na'ura ce da ke narkar da zaren roba, ta riƙa shimfiɗa shi hawa bisa hawa bisa ga umarnin kwamfuta, har abin da aka zana ya fito, ko murfin rediyo ne ko haƙorin wani inji da ya karye. A shekarar 2005 Dokta Adrian Bowyer na Jami'ar Bath a Ingila ya fara shirin RepRap, ya bar zanen na'urar a fili ga duk mai so. A 2013 Afate Gnikou ya haɗa tasa a Lome ta ƙasar Togo da tarkacen tsofaffin kwamfutoci. Ashe ke nan aikin bai fi ƙarfin mai gyaran rediyo ba. Sai dai firam ba shi ne wahala ba. Haɗari yana ga wayoyi.

Kayan aikin

Abubuwa biyar ne: akwatin da ke mayar da wutar gari ta bolt 230 zuwa bolt 12, allon sarrafawa, kamar Arduino Mega haɗe da RAMPS, ƙananan injinan juyi, waɗanda kowannensu ke yin taki 200 kafin ya kammala zagaye ɗaya, ƙarfen ɗumama bakin na'ura, da ɗan ƙwayar auna zafi da ke manne da shi.

Matakin farko: akwatin wuta

A duba gefen akwatin. Sau da yawa akwai ɗan makunni mai lamba 110 da 220. Kayan gwanjo da suka fito daga Amurka sukan zo a kan 110, in aka jona su haka nan take za su ƙone. Waya mai ruwan ƙasa ita ce mai rai, shuɗiya ita ce abokiyarta, mai kore da rawaya kuma ta ƙasa ce. A tsohon tsari ja da baƙa da koriya ne. Kada a yar da wayar ƙasa, kada kuma a naɗa waya a madadin fis. A kunna akwatin shi kaɗai, a auna da mita, a ga bolt 12 kafin a haɗa shi da allo.

Mataki na biyu: injinan juyi

Kowane inji yana da waya huɗu, biyu-biyu suke tafiya. Mita ce za ta nuna wace ce abokiyar wace, kada a dogara da launi. A lura da fuskar ƙananan allunan da ke tuƙa injinan, gama in aka kifa ɗaya baibai ya lalace ke nan. Haka kuma ba a zare wayar inji alhali wuta na kunne. A gwada su ɗaya bayan ɗaya, a motsa kowanne milimita 10 kacal, hannu na kan makunni. Wanda ya yi baya maimakon gaba, a kashe wuta a juya filoginsa.

Mataki na uku: zafi

Nan ne wurin da ya kamata mai haɗawa ya natsu ƙwarai. Ƙwayar auna zafi da aka fi amfani da ita tana nuna om 100,000 a digiri 25. A ɗumin Ibadan za ta nuna ƙasa da haka kaɗan, in kuma aka riƙe ta da yatsa lambar za ta ƙara sauka. Wadda ba ta motsa ba, ba ta da lafiya.

Robar PLA tana bukatar wajen digiri 200. To, idan ƙwayar nan ta suɓuce daga gurbinta, allo zai zaci bakin na'ura bai yi zafi ba, ya yi ta ƙara wuta har roba ta kama. Manhajar Marlin tana da tsaron da ke yanke wuta in haka ta faru. Wajibi ne a tabbata an kunna shi. A fara gwaji da digiri 50, a ga lamba na hawa a hankali, sa'an nan a ƙara.

Farantin da ake ɗumamawa yana jan wajen amfiya 11, saboda haka yana bukatar waya mai kauri. Kada a shafa wa bakin waya dalma kafin a ɗaure ta da sukurudireba, don dalma tana lotsewa sannu a hankali, mahaɗi ya yi sako-sako, ya ɗauki zafi. Bayan minti goma na aiki a kashe, a cire filogi, a taɓa mahaɗan. Wanda ya yi zafi a sake shi.

Abin lura

A Sabo shago na jingine da shago, ɗaki na jingine da ɗaki. Gobarar mutum ɗaya ta unguwa ce. Saboda haka kada a bar na'ura tana aiki a tafi masallaci ko a kwanta barci. A nisanta ta da katifa da jarkar fetur. In an ɗauke wuta a kashe makunni, kada a mayar da ita kan janareto sai ya daidaita.

Wanda ya bi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya, yini guda kawai zai kashe. Wanda ya jona kome gaba ɗaya kuwa, in hayaƙi ya tashi ba zai ma san inda laifin yake ba. Rigakafi ya fi magani.