Halin Mutumin da Ya Dace da Shugabanci

Wajibi ne jama'a su san irin mutumin da za su damƙa wa ragamar al'amuransu, domin kuskuren zaɓen shugaba kan jawo hasarar dukiya da rabuwar kawuna.

Garin Kuta, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Shiroro a Jihar Neja, ya shahara wajen noman doya. Daga nan ne Alhaji Ahmadu Bahago, Sarkin Minna na farko, ya fito. A irin wannan gari, idan manoma suka kafa ƙungiya, ana gane mai halin shugabanci tun kafin a zaɓe shi. Shi ne mai tunanin rumbu tun doya tana cikin kunya. Yakan raba aiki gwargwadon ƙarfin kowa, ya tsayar da ranar gayya, ya nemi motar kai kaya kasuwa da wuri. Kowane kwabo da ya shigo yakan rubuta shi, ya karanta a gaban taro. In gardama ta tashi, sai ya saurari kowane ɓangare kafin ya yanke magana.

Amma mai wannan hali yana da rauninsa. Son tsari kan sa shi gaggawa da ƙin karɓar shawara. Maganin haka shi ne haƙuri, gama babba juji ne.

Saboda haka kada ɗaga murya ko yawan dukiya su ruɗi masu zaɓe. A dubi yadda mutum ya riƙe ƙaramar amana kafin a ba shi babba.