Tambaya da Amsa: Babanta ya ce karatu aka tura ta yi, ba gudu ba

Tambaya:

Ni uwa ce, muna zaune a Hayin Dogo, Samaru. Ɗiyata ta biyu tana aji biyu na babbar sakandare a wata makarantar kuɗi da ke Sabon Gari. Makon jiya ta dawo da takarda, an jera mana kuɗi kashi uku: na gasar wasannin gidaje, na yawon buɗe ido zuwa Abuja, da na fatin aji na ƙarshen zango. In aka haɗa sun kusa rabin kuɗin makarantar zango guda. Babanta ya karanta, ya ninke takardar, ya ce shi karatu ya tura ta yi, ba guje-guje da raye-raye ba, ko sisi ba zai bayar ba. Ita kuwa an zaɓe ta ta yi wa gidansu gudun mita 400, yau kwana uku ba ta cin abincin kirki. Ina ɗan taɓa ɗinki, zan iya ƙuƙutawa in biya ba da saninsa ba, amma ba na son abin da zai haɗa ni da maigida. Kuma gaskiya ni ma hankalina bai kwanta da tafiyar ba. Don Allah ki ba ni shawara.

Wata uwa, daga Samaru.

Amsa:

Allah ya raya miki su, ya sa wa ɗinkin albarka.

Kafin komai, kada ki biya a ɓoye. Ranar wasa sai an ɗauki hoto, hoton kuma sai ya zaga ta wayar wani maƙwabci ya iso hannun Malam. Daga nan magana ta tashi daga ta gudu, ta koma ta amana. Yarinyar ma tana kallonki, za ta ɗauka haka ake samun abu a gidan miji. Kuɗin nan, ko nawa ne, da saninsa za a fitar da shi, ko a bar shi.

Kuma ban ga laifinsa duka ba. Makarantar ce ta zuba masa aya da tsakuwa a kwano ɗaya, shi kuma ya ture kwanon. Ni da ke sai mu zauna mu tsince.

Gudun shi ne ayar. Na daɗe ina koyarwa a wata sakandare a Sabon Gari, kuma yawancin shekarun nan ni ce malamar koren gida. Har yau in hunturu ya kama, leɓe ya fara fashewa, sai in tuna jajibirin wasa. Da la'asar malamin wasanni da manyan ɗalibai za su kafa turke a fili, su ɗaura igiya, ɗaya ya ja ta yana zagayawa, wani na biye da shi da gwangwanin toka yana zubawa, har layukan gudu su fito fari tas a kan jar ƙasa. 'Yan ƙananan aji kuma suna durƙushe suna tsince tsidau da fasassun kwalabe, don da yawa ba takalmi za su yi gudun. Washegari a fara da fareti, kowane gida da tutarsa, mu kuma malamai muna bakin layi da gwangwanin gulukos, duk wadda ta iso a zuba mata a tafin hannu ta lashe.

A ajina akwai wata yarinya da ke zuwa a ƙasa daga Muciya. Bencin ƙarshe take zama, kuma na yi kusan shekara ban ji muryarta ba sai in ana kiran suna. Lissafi ya ƙi ta, Turanci ya ƙi ta, har ita kanta ta yarda ba ta da wani amfani a makarantar. Wata shekara wadda muka zaɓa ta rufe mana gudun miƙa sanda ta yi targaɗe da safe, muka rasa yadda za mu yi, muka sa wannan. Sanda ta iso hannunta muna na huɗu. Ta wuce ɗaya a miƙaƙƙen layi, ta wuce ta biyu a kwana, ta iso ta biyu, ta zube a ƙasa tana haki. 'Yan gidanmu suka ɗauke ta cak, fili duk ya ɗauki sunanta. Ranar Litinin na shiga aji na tarar ta dawo benci na biyu, kuma da na yi tambaya ta ɗaga hannu. Amsar ba daidai ba ce, amma ta ɗaga. Ba ta taɓa zama ta ɗaya a aji ba har ta gama, sai dai daga ranar ba ta ƙara fashin makaranta ba.

Abin da nake so Malam ya duba ke nan. Allo da alli abu guda suke aunawa, kuma ba kowane yaro ne ma'aunin ke yi wa adalci ba. A fili ne yarinya ke koyon sammako don atisaye ba wanda ya tashe ta, ta koyi miƙa wa wata sanda ba ta yar ba, ta koyi shan kaye a gaban jama'a ta kuma dawo makaranta washegari. Wannan na ƙarshen, manya da yawa ba su iya shi ba.

Idan ya ce wannan sabon yayi ne, a garin nan amsarsa take. Kwalejin Barewa da ke hanyar Gaskiya, a Katsina aka kafa ta a 1921, ta koma Kaduna a 1938, ta iso Zariya a 1949. Gida-gida ake raba ɗalibanta, irin su gidan Bello Kagara da na Nagwamatse da na Ɗan Hausa, kuma irin wannan tsarin ne makarantar ɗiyarki ta gada, ta mayar da shi ja da kore da shuɗi. Sardauna ya yi makarantar tun tana Katsina, ya kuma shahara da wasan fayif, wanda ake bugun ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, bai daina ba har ya zama Firimiya. Yakubu Gowon, ɗan Wusasa, mai tsaron raga ne kuma gwanin dogon gudu a zamaninsa na makarantar. A nan kusa da ku ma, Masai Ujiri a Zariya ya tashi, a filayen ƙwallon kwando na garin nan ya fara jifa, a hannun koci Oliver Johnson, Ba'amurken da ya daɗe a Jami'ar Ahmadu Bello. A 2019 ƙungiyar Toronto Raptors ta ƙasar Kanada ta ɗauki kofin NBA, shi ne shugabanta. Ban ce ɗiyarki can za ta ba. Ina nufin dai mutanen da ake buga misali da su a karatu da riƙon jama'a, ba a raba su da fili ba suna yara.

Na san abin da mai yiwuwa ke ransa bai faɗa ba: 'ya mace ce, ta girma, za ta yi gudu a gaban maza. Wannan damuwa ce ta uba mai kishi, kada ki raina ta. Ki tuna masa cikin ladabi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, ta riga shi, bayan wasu shekaru suka sake ya riga ta. Saura maganar sutura, ita kuwa a hannunki take, tunda ke tela ce. Dogon wando mai walawa, riga mai kai wa gwiwa, da ƙaramin hijabi mai kama fuska wanda ba zai sarƙe mata hannu ba, duk launin gidansu. Ki je da kanki ki faɗa wa malamar gidan haka za ta fito. Ban taɓa ganin an hana yarinya gudu saboda ta rufe jikinta ba.

Abu ɗaya da zai sa ni da kaina in ce a dakata shi ne lafiya. Mita 400 gudu ne mai cin rai, zagaye guda cur ba sassauci. Idan tana da sikila ko asma, ko ta taɓa suma a rana, a ga likita tukuna, domin ƙurar hunturu ba ta raga wa mai ciwon ƙirji. Ta karya da wuri, ta sha ruwa, a samo mata kambas ko da na gwanjo ne a kasuwar Sabon Gari.

Sai ki tambayi abin da ke cikin kuɗin wasan. Kuɗin riga da na ruwa da na akwatin magani, wannan haƙƙi ne. Amma wasu makarantun kuɗi sun mayar da ranar ta zama ta nuna arziki: a naɗa sarki da sarauniyar gida, a yi musu hayar alkyabba da doki, a kafa rumfuna, a gayyato masu hannu da shuni don a karɓi gudummawa, yaran da suka yi wata guda suna atisaye kuma a bar su a rana suna jiran babban baƙo. Wannan yana ƙona mini rai ƙwarai. Ba dole ba ne ki biya wa wani hayar doki.

Tafiyar Abuja kuwa, ina bayanku ke da Malam. A ƙarshen watan Mayu na 2025 motar 'yan wasan Kano da ke dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a hanyar Zariya zuwa Kano, sama da mutum 20 suka rasu, suna dab da isa gida. Allah ya ji ƙansu. Doguwar hanya da gajiyayyen direba ba abin wasa ba ne, balle da yara a mota. Duk makarantar da za ta fita da ɗalibai, ta faɗi motar da za a shiga, da yawan malamai mata da za su bi, da lokacin dawowa, a rubuce.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a kwashi yaran Samaru a kai su kallon gine-gine a wani gari, alhali ba su taɓa shiga abin da ke bayan katangarsu ba. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR, wadda tushenta ya faro tun 1922, tana nan kusa da ƙofarki. Irin masara da wake da gyaɗa da manoman Arewa ke shukawa masu suna SAMMAZ da SAMPEA da SAMNUT, wannan SAM ɗin Samaru ce. Na taɓa kai ajina gonar gwajinsu a ƙarshen damina. Yaran suka ga zangarniyar dawa an rufe kowace da jakar takarda an ɗaure, suka yi ta tambaya. Ma'aikacin ya kwance ɗaya ya nuna musu, ya ce ana rufewa ne don kada iska ta kawo ƙurar furen wata dawar ta gurɓata irin. Wani yaro da babansa ke noma a Bomo ya tsaya shiru yana juya jakar a hannunsa, darasin da na yi mako biyu ina zanawa a allo ya shige shi a minti biyar. A Palladan ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama tun 1964, inda Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin fasinja a Najeriya, ta yi karatu, daga baya ta shugabanci kwalejin. A Shika ga cibiyar binciken dabbobi da ta fitar da kazar Shika Brown. Ga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a cikin jami'a, ga tashar jirgin ƙasa da Sabon Gari ta tsiro a gefenta, ga tsohon Masallacin Juma'a na birni, aikin Babban Gwani, ga dutsen Kufena. Kowanne a cikinsu, a tafi da hantsi a dawo kafin la'asar, da kuɗin bas kawai. Ki ɗauki wannan ki kai taron iyaye da malamai. Za ki tarar iyaye da yawa abin na cin su, jira suke wani ya fara magana.

Fatin aji ba zan ɓata miki lokaci a kansa ba. In a cikin aji ne, da rana, malami na nan, kowa ya kawo abin da ya samu, ki soya mata cincin ta tafi da shi. In kuwa hayar ɗakin taro ne da mai kiɗa da anko da kwalliya, ki ce a'a kanki tsaye. Ki fara saba mata da jin haka tun yanzu, don baɗi kandi na tafe, da farar riga da maka da rubuce-rubuce a jiki, kuma buƙatun lokacin sun ninka waɗannan.

Yanzu ki koma wurin Malam, amma ba da takardar ba, kuma ba a gaban yara ba. Ki bari ya ci abinci ya huta. Ki fara da abin da kuka yarda a kai: ba Abuja, ba fati. In ya ji an ba shi gaskiyarsa a biyu, zai saurare ki a kan na ukun. Ki nuna masa kayan da kika ɗinka, ki faɗa masa kuɗin rigar kaɗai, sannan ki roƙe shi ya zo filin da kansa, gani ya kori ji. Yarinyar ma ta same shi ta durƙusa ta roƙa da bakinta, ta yi masa alkawarin sakamakon zangon nan ba zai sauka ba. In duk da haka ya ƙi, ku haƙura bana, ki lallashe ta ta ci abinci, ki sanar da malamar gidan da wuri don a nemi wata.

In kuma Allah ya sa ya yarda, ranar kada ku zauna a rumfa. Ku ɗauki gorar ruwa ku je ku tsaya a kwanar ƙarshe, wajen mita 300. A nan ne ƙafa ke yin nauyi, ƙirji ya ɗauki zafi, yarinya ta fara tunanin tsayawa. In ta iso daidai nan, babanta ya kira sunanta da ƙarfi.