Darasi: Wace kwalba za a ɗebo ruwan gwaji da ita?

Ƴan'uwa makiyaya da manoma masu kiwo, darasinmu na wannan fitowa a kan abu ƙarami ne: kwalbar da ake zuba ruwan rijiya ko na tabki a kai shi gwaji. Mutum zai ga shanunsa na zawo, ko sun ƙi shan ruwan da suka saba sha, ya ɗebo ruwan ya biya kuɗin mota har Yamai, sai a ce masa ya koma ya sake ɗebo wani. Sau da yawa kwalbar ce ta ja masa wannan wahala.

Ni kaina abin ya taɓa ci na. Na ɗebo ruwan wata rijiya a Dallol Bosso cikin ƴan kwalabe na gilashi marasa kauri, na ɗaura su bayan babur. Kafin in hau kwalta biyu sun fashe, ta ukun kuma marfinta ya fita. Tafiyar yini guda ta tashi a banza, dabbobi kuwa suna can suna shan ruwan.

Gilashi ko roba?

Ba ƙarfi kaɗai ake dubawa ba. Sai an fara sanin abin da ake nema a cikin ruwan.

In gishiri ne, ko kanwa, ko sinadarin fuloraid, to roba ake so. Fuloraid ɗin nan shi ne ya lanƙwasa ƙasusuwan yara da yawa ya ɓata musu haƙora a Tibiri ta jihar Maradi, ta hanyar ruwan fanfo, maganar da ta fito fili a farkon shekarun 2000. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a lita guda ta ruwan sha. Dabba ma yana cin haƙoranta, ya sa ta ɗingishi. Gilashi na iya riƙe wani abu daga cikinsa, sai awo ya fito ƙasa da gaskiya.

In kuwa ana zaton maganin ƙwari ne ya gangara cikin tabki daga gonaki ko garake, to gilashi ake so, domin roba tana shanye irin wannan magani. A nan sai a nemi gilashi mai kauri, mai duhu in da hali, a naɗe shi da tsumma.

Roba ma ba ɗaya ba ce. Ku juya gindin kwalba, za ku ga lamba cikin wata ƴar alama mai kusurwa uku. Mai lamba 2 da mai lamba 5 su ne masu ƙarko: ko sun faɗi ba sa fashewa, mai lamba 5 kuma tana jure tafasasshen ruwa. Mai lamba 1 ita ce ta ruwan sha da lemo na kanti. Tana iya amfani sau ɗaya don awon gishiri, in ruwa zalla ne ya zauna cikinta, amma da ta ji ruwan zafi sai ta motse. Mai lamba 6 ita ce mai ruɗi. Tana da haske garau kamar gilashi, sai dai da an matse ta cikin kaya ta tsage, wani lokaci tsagar ma ido ba ya ganinta sai ruwa ya tsiyaye.

Kwalbar da ta taɓa ɗaukar fetur, ko maganin kaska, ko maganin allurar dabbobi, ku bar ta. Komai wankin da aka yi mata, abin yana nan.

Marfi

Rabin ɓarnar daga marfi take. Ku zaɓi wanda ake murzawa, ba wanda ake dannawa ba. A watan Afrilu da Mayu zafi a Yamai yakan haura digiri 40. Iskar da ke cikin kwalba ta kumbura, ta ture marfin dannawa. Kafin ku tashi, ku cika kwalbar da ruwa, ku rufe, ku kifa ta, ku matsa. In ɗigo ya fito, a canza ta. Toshe baki da tsumma, ko leda, ko totuwar masara, wannan ba rufi ba ne.

Ƴan bututun awon gaggawa

Wasu ma'aikatan kiwo, da masu kiwon kifi a bakin kogin Isa, suna da ƴan kayan awo na hannu: a zuba ruwa a bututu, a ɗiga magani, a gwada launin da takarda. Yawancin bututun suna da zane a mililita 5. In naku ya fashe, wanda za ku maye da shi dole ya ɗauki daidai wannan awo, faɗinsa kuma ya yi kusa da na farkon. In ya fi faɗi launi zai canza a ido. Sirinji sabo na mililita 5 yana auna ruwan daidai. A nan gilashi mai kauri irin na Pyrex ya fi, don roba tana ƙarzuwa ta dushe, wani maganin kuma ya rina ta. Kada a wanke da yashi ko toka. A ajiye kowanne cikin ƙyalle a gwangwani mai marfi.

Yadda ake ɗiba

Don awon gishiri da makamantansa: lita guda. A ɗauraye kwalbar sau 3 da ruwan da za a gwada, a cika ta fal, a rufe. A tabki, a ɗan shiga ciki a nutsa kwalbar ƙarƙashin ruwa, ba a bakin gaɓa inda kofato ya dama laka ba. A fanfo, a bar ruwa ya zuba na ƴan mintoci tukuna.

Don neman ƙwayoyin cuta, hanyar daban ce. Ɗakin gwaji ne ke ba da kwalbar da aka riga aka kashe ƙwayoyin cikinta. Ba a ɗauraye ta, ba a taɓa cikin marfin da yatsa, ana kuma barin ɗan fili a sama. A sa ta cikin akwatin sanyi da ƙanƙara, ta isa cikin awa 6 in zai yiwu. In ta wuce awa 24, sakamakon ba abin dogara ba ne. Don haka kada ku ɗebo ranar Juma'a da yamma, ofisoshi na rufe Asabar da Lahadi.

A jikin kwalba, ba a marfi ba, a rubuta sunan rijiya ko tabkin, da garin, da rana, da sa'a. Wanda bai iya rubutu ba ya ɗaura zare mai launi daban a wuyan kowace kwalba, ya faɗa wa ma'aikacin ma'anarsa.

A Yamai, ɗakin gwaji na LANSPEX na awon ruwa, LABOCEL kuma shi ke duba jini da sauran samfurin dabbobi. Kafin ku kama hanya, ku biya ta wajen ma'aikacin kiwo na yankinku ya gaya muku inda za a kai da irin kwalbar da suke karɓa. In dabbobi sun riga sun fara mutuwa farat ɗaya, a janye garke daga ruwan nan take, kada a feɗe mushen saboda ciwon saifa, a kira likitan dabbobi ya ɗauki samfurin da kansa.