Fim Ɗin Mai Kisa: Labarin Wa Ake Ba Mu?

Darasinmu na wannan mako ya taso ne daga wata gardama da muka yi a kulob. Wani ɗan ajinmu ya ce a shagon masu tura finafinai a waya, da zarar an ce fim "ya faru da gaske", kowa shi yake so, balle a ce na mai kisa ne. Sai muka yi bincike a kan irinsu. Ba mu kalle su ba, don ba na yara ba ne. Karantawa muka yi, malaminmu kuma ya ƙara mana bayani.

Mai kisan ɗauki ɗai-ɗai shi ne wanda yake kashe mutane ɗaya bayan ɗaya, a lokuta daban-daban. A Amurka an yi wata mata irin wannan, sunanta Aileen Wuornos. Ta kashe maza bakwai a jihar Florida tsakanin 1989 da 1990, aka zartar mata da hukuncin kisa a 2002. A 2003 aka yi fim a kanta mai suna Monster, wato dodo.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne ƙuruciyarta. Mahaifiyarta ta tafi ta bar ta tun ba ta cika shekara huɗu ba. Ta tashi a hannun kakanta, wanda ta ce yana dukanta. Tana shekara 14 aka ci zarafinta har ta samu ciki, daga baya aka kore ta daga gida, ta koma kwana a daji. Shekara 14 fa! Wasu a ajinmu sun kai haka.

Likitoci sun ce cin zarafin yaro ba ya ƙarewa ranar da aka daina. Yakan bar mugun mafarki, da firgita, da saurin fushi, da rashin yarda da mutane, wani ma karatu ya daina zama a kansa. Tabon zuciya ba a ganinsa, shi ya sa sai a ce yaro ya lalace, alhali ciwo ne yake ɗauke da shi. Amma a lura, mafi yawan waɗanda aka zalunta suna yara ba su taɓa kashe kowa ba. A ganinmu abin da aka yi wa Aileen ya isa a yi kuka, sai dai bai wanke ta ba. Mutum bakwai ɗin nan su ma suna da iyali, kuma a cikinmu babu wanda ya iya faɗin sunan ko ɗaya.

Iyalan waɗanda aka kashe sukan yi ƙorafi. A 2022 kamfanin Netflix ya fitar da fim mai dogon zango a kan Jeffrey Dahmer, wanda ya kashe mutum 17. Rita Isbell, 'yar'uwar ɗaya daga cikinsu, ta ce ba a tuntuɓe ta ba, sai dai ta ga wata tana kwaikwayon kukan da ta yi a kotu a 1992.

Mu dawo gida. Dukanmu mun ji labarin Hanifa Abubakar, yarinya 'yar shekara biyar da mai makarantarsu, Abdulmalik Tanko, ya sace a Kano a Disambar 2021 ya kashe ta, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a Yulin 2022. A ce gobe wani ya mai da shi jarumin fim, yaya iyayenta za su ji? Tun kafin nan, a Satumbar 2021, hukumar tace finafinai ta Kano ta hana nuna garkuwa da mutane a fim, don kada matasa su kwaikwaya. A nan kanmu ya rabu. Wasu suka ce daidai ne, wasu suka ce ɓoye ciwo ba ya warkar da shi.

Mu a nan yankin Shinkafi ko fim ba ma buƙata. Bidiyon 'yan bindiga yana yawo a wayoyin yayyenmu, ana taruwa a kansa ana cewa "kai, dubi bindigarsa". Alhali wanda ke tsaye a gefe yana iya zama wanda aka kashe wa uba, ko aka kora daga ƙauyensu. Idan ka ga ya sulale ya tafi, kada ka yi masa dariya. Wanda kuma ake cutarwa, a gida ne ko a hanya, ya samu malami ko malamar da ya yarda da ita, ko wani babba a dangi, ya faɗa. Idan na farko bai saurara ba, ya faɗa wa na biyu.

Kulob ɗinmu yana shirya wasan kwaikwayo na ƙarshen zango. Da farko yara huɗu suka nemi a ba su matsayin shugaban 'yan bindiga, babu wanda ya nemi na uwar da ke jiran ɗanta. Bayan wannan gardama mun canza tsarin: a tsakar gidan uwar za a buɗe labule.