Yadda ake wuni a kwale-kwale a tafkin Nokoué

Mazaunin Houéyiho ko Zongo a Kwatano yana iya yin shekaru bai taka jirgin ruwa ba, alhali ruwa ya sa garin a tsakiya: teku ta kudu, tafkin Nokoué ta arewa, ga kuma mashigin da ya raba birnin gida biyu.  A bayan Kwatano kuwa, dubban mutanen ƙabilar Tofinu a kan ruwa ake haihuwarsu, a kansa suke cin kasuwa, suke kai amarya. Wuni guda a cikin kwale-kwalensu yana da tsari tun daga asuba har almuru, kuma wanda ya san tsarin shi ke jin daɗin tafiyar.

Abu na farko, a dubi wata. Tafkin yana da faɗin kimanin murabba'in kilomita 150 a lokacin rani, zurfinsa kuma a galibin wurare bai wuce tsayin mutum ba. Amma yanayinsa biyu ne. Daga Satumba zuwa Nuwamba kogunan Ouémé da Sô suna kwararo ruwan arewa, tafkin ya cika ya batse, gishirinsa ya gudu. A lokacin ne ciyawar nan mai yawo a kan ruwa, irin wadda Bahaushe ke kira kainuwa, take toshe hanyoyi, ta naɗe farfelar inji, ta mayar da tafiyar minti ashirin ta awa guda. Da rani ya kama sai ruwan teku ya kutso ta mashigin da Faransawa suka haƙa a 1885, gishiri ya kashe ciyawar, hanya ta buɗe, jatan lande ya samu. Baƙo zai fi samun sauƙi daga Disamba zuwa Maris.

Sai sammako. Daga Houéyiho ana hawan zemijan, 'yan acaɓan Kwatano masu rawayar riga, a bi ta Godomey zuwa tashar jiragen Abomey-Calavi, tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba. 'Yan kasuwa kuma suna shiga jirgi daga bakin ruwan kasuwar Dantokpa. A tashar Calavi ake zaɓi: ko jirgi mai inji da rumfa, wanda zai kai mutum Ganvié, garin da ke kan ruwa, mai nisan kusan kilomita 8, cikin ƙasa da rabin awa, ko kwale-kwalen katako da ake tuƙawa da filafili da gora da zanen kama iska, wanda kan ci awa guda ko fiye. Mai son ya ga yadda mutanen wurin ke rayuwa, na biyun zai hau. A gama ciniki tun a tudu, a faɗi wuraren da za a tsaya da lokacin dawowa.

Lodi shi ne ilimin da ba a raina shi. Kaya masu nauyi, jarkokin ruwa da buhunan gari, a tsakiyar jirgi ake shimfiɗa su, a ƙasa-ƙasa. Mutane su zauna dama da hagu daidai wa daida. Ana shiga ɗaya bayan ɗaya, a taka tsakiya, a durƙusa a zauna, ba a tsayawa ana waige-waige. Matuƙi yana baya. Kusa da ƙafarsa akwai ƙoƙo ko yankakkiyar jarka ta kwarfe ruwa, domin babu jirgin katakon da ba ya ɗan yoyo, kuma kwarfewar aikin kowa ne, har da baƙo. Waya da kuɗi a ƙulle su a leda. Rigar kariya daga nutsewa kuwa, a tambaye ta kafin a tashi. Ƙarancin zurfin tafkin yana yaudarar mutane, ga laka mai riƙe ƙafa a ƙasa.

Daga bakin tasha ana fita da gora. Matuƙi ya kafa ta a laka, ya jingina da ƙarfinsa, jirgi ya sulale, ya zaro ta ya sake kafawa. Idan aka fita fili sai a duba iska. A wannan gaɓar tekun iskar ta fi kaɗowa daga kudu maso yamma, da safe a hankali, da rana ta yi ƙarfi. In ta yi daidai, sai a kafa sanda a gaban jirgi, a ɗaura zanen, wanda sau da yawa haɗe-haɗen atamfa ne ko buhunan da aka farke aka ɗinke, a tokare shi da wata gorar, a riƙe igiyarsa a hannu. Filafili ya koma abin juya akala. Ba a ɗaure igiyar tamau, saboda in iska ta bugo da ƙarfi sakinta ne ke hana jirgi kifewa.

A hanya idon baƙo zai ga rassan itace sun tsaya cirko-cirko a cikin ruwa, fili bayan fili. Wannan ita ce akaja, gonar kifin mutanen tafki. Masunci yakan sayo rassa da ganyaye daga tudu, ya loda su a jirgi, ya kakkafa su a laka. Suna ruɓewa, gansakuka tana fitowa a jikinsu, karfasa da sauran kifaye su taru suna ci suna hayayyafa a ɓoye. Bayan watanni sai a kewaye wurin da taru, a tuge rassan, a kwashe kifi. Kowace akaja da mai ita, don haka matuƙin kirki yakan bi ta lungunan da ke tsakaninsu, ba ya ratsawa. Sana'ar tana ciyar da gidaje da yawa, amma tana da tsada ga tafkin: ruɓaɓɓun rassa suna cike ƙasansa, dazuzzukan da ake sarowa kuma suna ƙarewa. Masu jefa birgi su ma suna nan, mutum a tsaye a bakin jirgi, yaro a baya yana riƙe masa shi.

Hantsi yakan riski matafiyi a Ganvié. Kakannin mutanen garin sun shigo ruwa ne a ƙarni na 17 da na 18 don tsere wa mayaƙan Dahomey masu kamun bayi, suka kafa gidaje a kan dirkokin itace. Yau mazaunansa sun haura 20,000, kuma tun 1996 sunansa ke cikin jerin wuraren da Benin ta gabatar wa UNESCO don a sa su cikin wuraren tarihi na duniya. A nan ake cefane ba tare da an sauka ba. Kasuwar jirage ce jingine da juna, mata sanye da manyan malafuna suna sayar da tumatir, barkono, garin rogo, itacen girki, burodi da sabulu. Mai saye ya matso da jirginsa, ya kama gefen na mai kaya da hannu ɗaya, ya miƙa sefa da ɗayan. Maza ke kamun kifi, amma cinikinsa a hannun mata yake, su ke kai shi Calavi da Dantokpa.

Ruwan sha shi ne babbar hidimar yini. Na tafki ba ya shayuwa, don haka jirage kan yi layi a wuraren famfon burtsatse, a cika jarkoki da robobi, yara ƙanana su tuƙa su zuwa gida. Baƙo ya taho da nasa.

Abincin rana ba shi da wuya: agidi ko garin rogo, soyayyen kifi da dakakken barkono. In za a tsaya a ci, sai a soka gora a laka a ɗaure jirgi a jikinta, shi ke nan an yi birki. Idan azahar ta yi, akwai masallaci a garin. Wanda lokaci ya kama shi a tsakiyar ruwa kuwa, ruwan gishiri yana alwala, alƙibla tana gabas maso arewa, kuma in tsayuwa za ta jefa shi cikin haɗari ya yi sallarsa a zaune.

Akwai ladabin da ya kamata a kiyaye. Matan Ganvié da yawa ba sa son a ɗauke su hoto, za a ga suna kare fuska da malafa in an ɗaga waya. Suna da gaskiya, gidajensu ne ake leƙawa. A yi gaisuwa, a nemi izini, in an ƙi a haƙura. Mai inji ya rage gudu kusa da gidaje da ƙananan jirage, domin igiyar ruwan da yake tayarwa tana iya kifar da yaro da kayansa. Leda da robar ruwa kuma a dawo da su tudu.

Mai sauran lokaci yana iya zarcewa Sô-Tchanhoué ko Sô-Ava, hedikwatar yankin, amma da la'asar sakaliya ya kamata a juyo. Komawa Calavi ta fi zuwa wuya, don yanzu iskar a gaba take, ruwan ya yi tsalle-tsalle, dole a naɗe zane a koma ga gora da filafili. A damina kuma hadari yakan haɗu cikin ɗan lokaci. Matuƙi in ya ce a tsaya a wani gida a jira, a bi maganarsa.

Bayan an sauke fasinja aikin mai jirgi bai ƙare ba. Zai kwarfe ruwan da ya rage, ya wanke laka, ya shanya zane da taru, ya duba inda katako ya buɗe ya toshe, musamman da rani lokacin da tsutsar ruwan gishiri ke huda itace. Sannan ya ɗaure jirgin a dirkar gidansa. Mai niyyar zuwa daga Zongo ya bar gida da an idar da sallar asuba, ya kuma tabbata ya dawo tashar Calavi kafin magariba, domin yawancin kwale-kwalen ba su da fitila.