Bayarwa da Sakin Fuska: Ma'anar Kalmar "Hilaros"

Karatu: 2 Korantiyawa 9:6-8, Romawa 12:8

Wajen shekara ta 55 zuwa 56 bayan haihuwar Ubangijinmu, Manzo Bulus yana tara gudummawa domin matalautan masu bi na Urushalima. 'Yan'uwa na Koranti sun ɗauki alkawari tun shekarar da ta gabata, amma ba su cika ba. Bulus bai yanka musu abin da za su kawo ba, sai ya nuna musu irin mai bayarwar da Allah yake ƙauna. Kalmar Helenanci da ya zaɓa ita ce "hilaros".

Ma'anarta

A nan kaɗai aka yi amfani da wannan kalma cikin Sabon Alkawari. 'Yar'uwarta, "hilarotes", tana cikin Romawa 12:8, inda ake maganar mai aikin jinƙai. Ma'anarta ita ce fara'a da sakin fuska. Cikin tsohuwar fassarar Helenanci ta Zabura 104:15, kalma mai tushe ɗaya da ita ce ta bayyana yadda mai yake sa fuska sheƙi. Ashe "hilaros" ba shewa ba ce ko tuntsura dariya, zuciya ce da ta yarda, har yardar ta fito a fuska. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma.

Abokan gābanta

Cikin aya ta 7 Bulus ya ambaci abu biyu masu kashe wannan hali. Na farko "lupe", wato baƙin ciki: hannu ya miƙa, zuciya tana bin kuɗin da kallo. Na biyu "ananke", wato tilas: mutum ya bayar domin an kira sunansa a gaban jama'a ranar godiyar kaka, yana gudun kunya. Kwanon baiko zai cika, amma ba wannan Allah yake nema ba.

Daga ina fara'ar take zuwa?

Ba daga yalwa ba. Ikilisiyoyin Makidoniya suna cikin matsanancin talauci, duk da haka su ne suka roƙa a karɓi tasu gudummawar, gama sun fara miƙa kansu ga Ubangiji (8:1-5). Bulus kuma ya ce kowa ya ƙudura a zuciyarsa tun da wuri. Wanda ya shirya tun daga gida ba ya ɓata rai a sujada.

Ga iyali

Maigida da uwargida, ku zauna ran Asabar da dare ku ware baikonku tare da addu'a. 'Ya'yanku suna duban fuskarku sa'ad da maƙwabci ya zo rancen hatsi, ko gwauruwa ta yi sallama. Abin da suka gani, shi za su ɗauka.

Tambaya: Wa ya karɓi taimako daga gidanmu a watan nan, da wace fuska kuma muka ba shi?

Addu'a: Ya Uba, kai da ka ba da Ɗanka ba tare da tilas ba, ka saki zukatanmu da hannuwanmu. Amin.